Sauro da Darbejiya

Sauro a ruwa yake fara rayuwa. A ƙasar Ajingi da Gaya, da damina ta kankama, kududdufan da aka haƙa don ginin gida sai su cika, sawun kofaton shanu ma ya riƙe ruwa. Nan tamatar ke zuba ƙwai, kuma ita kaɗai ke cizo, don sai da jini ƙwanta ke nuna. Cikin kwana 2 zuwa 3 tsutsa ta fito. Ta sauron zazzaɓin cizon sauro kwance take a saman ruwa, sauran kuwa rataye suke kai ƙasa, da an taɓa ruwan su wutsila su nutse. Tsutsar kan yi saɓa sau 4, kafin mako 2 ta yi fiffike.

Malamai kan ba da labarin Lamarudu, wanda sauro ya shiga masa hanci ya zama ajalinsa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin nan a duniya a Nijeriya suke, kuma ƙananan yara ya fi kashewa.

Mutanen karkara sun daɗe suna turara ganyen darbejiya da magariba, sai dai hayaƙi kora kawai yake yi. Tarar sauro tun yana tsutsa ya fi, lokacin ba shi da wurin gudu. Bishiyar, da wasu ke kira maina ko dogon yaro, daga Indiya ta zo, kuma tana ɗauke da wani sinadari mai ɗaci da ke hana tsutsa cin abinci da yin saɓa. Akan daka ganyen, a jiƙa ya kwana, a tace, a zuba a kududdufi. Ƙwallon ya fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba. A ƙauyen Banizumbu na yammacin Nijar, a daminar 2007, an riƙa barbaɗa garinsa a tafkuna sau 2 a mako, sauron ya ragu da kusan rabi.

Rana tana kashe ƙarfin sinadarin cikin 'yan kwanaki, shi ya sa dole a riƙa maimaitawa har ruwan ya ƙafe. Ba a zuba shi a rijiya ko randar sha, kuma ba ya maye gurbin gidan sauro.