Lafiyar ɗan tsako daga jikin uwarsa take farawa

Wata maƙwabciyarmu a unguwar Briketeri da ke Yawunde ta tara kuɗin adashinta, ta sayo 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya, kwali guda, ta hannun wani dillali da ke hulɗa da masu kaji a kasuwar Mokolo. Ta share akurki, ta zuba dusar katako, ta kunna musu fitila. Kafin mako ya zagayo sai ga su sun takure wuri ɗaya, fukafukai a sake, farin kashi ya manne musu a gindi. Kullum da asuba sai ta tsinci biyu ko uku a mace. Da na leƙa, ta ce mini, "Malam, wallahi ban rage su da komai ba." Na yarda da ita, domin irin wannan cuta sau da yawa tun cikin ƙwai ɗan tsako ke zuwa da ita.

Ƙwayar bakteriya ce mai suna Salmonella Pullorum. Tana zama a mahaifar ƙwan kaza, ta shiga gwaiduwa tun ɓawo bai rufe ba. Kwana 21 da ƙwan zai yi a injin ƙyanƙyasa, tana nan tare da shi, kuma tsako ɗaya mai ita ya isa ya shafa wa na kusa da shi. 'Yar'uwarta mai haddasa taifot ɗin kaji da Mycoplasma mai sa tari da majina su ma suna bin ƙwai.

To amma hanyar da cuta ke bi, ita kariya ke bi. Idan aka yi wa uwa rigakafi kafin ta fara saka, jininta yana ƙera garkuwa, wani kaso kuma yana gangarawa cikin gwaiduwa. Ɗan tsako yana shanye ragowar gwaiduwar a kwanakinsa na farko, sai garkuwar ta riƙe shi mako biyu zuwa uku kafin jikinsa ya iya kare kansa. Uwar da aka yi wa rigakafin kuma ba ta cika zubar da ƙwayar a kashinta da ƙwanta ba. Kaza uwa guda tana iya ba da tsaki sama da ɗari, don haka allurar da aka yi mata a tsokar ƙirji gidaje da yawa take karewa. Farin zawon nan kuwa an fi maganinsa da gwajin jinin iyaye, a fitar da duk mai ɗauke da shi.

Ilimin raunana ƙwayar cuta a ɗakin bincike don yin rigakafi da kaza ya fara. A 1879 ne a ɗakin binciken Louis Pasteur a Faransa aka lura cewa ƙwayar kwalarar kaji da ta daɗe a ajiye ba ta kashe kaza, tana ma kare ta. A nan Kamaru muna da LANAVET a Garwa, da ke haɗa allurar dabbobi tun shekarun 1980, har da wadda ke haɗe da kariya daga kwalarar kaji da taifot da cutar Newcastle.

Mutanen Yawunde ba su manta da Mayun 2016 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta kashe kaji kusan 15,000 a gonar Mvog-Betsi, aka hana sayar da kaji a birni. Wannan bairus ne, yana zuwa da hayaniya. Bakteriya a hankali take ci, shi ya sa muke raina ta, mu ruga kanti mu sayo garin oksitetirasaikilin mu kaɗa a ruwa. Abin da ke damuna ke nan. Maganin yana rage mutuwa, amma wanda ya tsira yakan ci gaba da ɗaukar ƙwayar, ita kuma tana ƙara taurin kai. Idan ma rigakafi mai rai aka bayar, maganin zai iya kashe shi.

Maƙwabciyata ta wanke akurkin, ta bar shi ya sha iska mako biyu. Da za ta sake saye, ta ce wa dillalin sai ya faɗa mata daga wane gidan ƙyanƙyasa tsakin suka fito, ya kuma kawo takardar rigakafin iyayensu mai sa hannun likitan dabbobi. Ya yi kwana huɗu kafin ya kawo.