Idan Likita Ya Rubuta Magani A Kwamfuta

Ka saba likita ya rubuta magani a karne. Wani rubutun ba ya karantuwa, 1 ta yi kama da 7. In asibitin da ka je, a Yagwa ko Garwa, yana aiki da kwamfuta, saƙon zai riga ka isa ɗakin magani, ba sai an yi cinke ba.

Amma abin da aka ba kwamfuta shi take faɗi. Coartem, maganin zazzaɓin sauro, da nauyi yake tafiya: yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya kowane sha, mai 15 zuwa 24 ƙwaya biyu. In an shigar da nauyin ɗanka ba daidai ba, zai sha ƙasa da kima ko fiye. Kafin ka karɓa, a karanta maka nauyinsa da cikakken sunansa, domin takwarori suna da yawa.