Tsoho cikin kayan makaranta: daren da muka kalli AC/DC a Wembley

Muna aji biyu a sakandare muka fara jin su. Yayan wani abokinmu ne ya dawo hutu da kaset mai baƙar fuska, an rubuta Back in Black a jiki. Ba ma gane rabin Turancin da mawaƙin yake furtawa, amma ƙarar jitar ta kama mu. Mun juya kaset ɗin da biro har sai da zarensa ya tsinke. Shekara kusan talatin bayan nan, ranar Laraba 3 ga Yuli, 2024, mu biyu daga cikin yaran nan muka tsinci kanmu a filin wasa na Wembley da ke Landan, muna jiran mutanen su fito a zahiri.

Ga wanda bai san su ba, AC/DC ƙungiyar makaɗa ce da wa da ƙane, Malcolm da Angus Young, suka kafa a birnin Sidni na Ostireliya a 1973. Sunan ma ba wani sirri ba ne, alamar nau'in wutar lantarki ce da aka gani a jikin keken ɗinkin yayarsu Margaret. Ita ce kuma ta ba Angus shawarar ya riƙa hawa dandamali cikin kayan makaranta.

Da kayan ya fito mana a daren. Gajeren wando, kwat, laktaye, ga furfura fari fat. Shekararsa 69, amma yana tsallen ƙafa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan kamar ɗan aji ɗaya da aka kaɗa wa ƙararrawar tashi. Mun yi dariya, sannan muka yi shiru, domin yatsunsa ba su tsufa ba ko kaɗan. A kusa da mu akwai wani dattijo da ya zo da jikarsa, dukansu sun haddace kowace waƙa. Ba duk kalmomin waƙoƙin ne za mu so ku haddace ba, gaskiya, wasu ba su dace da tarbiyyarmu ba. Kiɗan ne ya kawo mu.

Malcolm ba ya nan. Cutar mantuwa ta sa ya ajiye jita a 2014, ya rasu a 2017, ɗan yayansu Stevie ne yake tsaye a gurbinsa. Mawaƙinsu na farko da ya yi suna, Bon Scott, tun 1980 giya ta yi ajalinsa yana da shekara 33.

Wanda muka fi zuba wa ido shi ne magajinsa, Brian Johnson, ɗan shekara 76 mai hular hana-salla. A 2016 likitoci sun gaya masa ko dai ya dakatar da wasa a manyan filaye nan take, ko kuma ya kurumce gaba ɗaya. Ya sauka ana tsakiyar zagayen wasanni, Axl Rose na ƙungiyar Guns N' Roses ya ƙarasa masa. Shi da kansa ya ce ba kiɗa kaɗai ya jawo ba, akwai ranar da ya shiga motar tsere bai toshe kunne ba. Ku yi tunanin mawaƙin da ba ya iya jin jitar da ke bayansa, yana laluben inda zai shiga waƙa. Sai da wani ƙwararre mai suna Stephen Ambrose ya daɗe yana gwada masa wata 'yar na'ura ta cikin kunne kafin ya iya dawowa. Muryarsa a Wembley ta dushe, wani lokacin ba ta kai inda take kaiwa a kaset. Ba mu ga laifinsa ba. Da ya kammala waƙa yana murmushi, mun san abin da ya sha kafin ya sake tsayawa a wurin.

Labarinsa ne ya sa muka shigo da abin toshe kunne na soso a aljihu. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne suke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na sa'a 40 a mako ba tare da illa ba. Idan ya kai 90, sa'a 4 ce kacal. A 100, minti 20 ne a mako guda. Irin wannan wasa yana kaiwa ɗarin, har ya wuce, kuma mun yi wajen sa'a biyu a ciki. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne suke cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ba sai kun je Landan ba. Iyafis ɗin da kuke ƙure wa murya a cikin A Daidaita Sahu, da tsayawa jikin lasifika a gidan biki, duk hanyarsu ɗaya.

A waƙar ƙarshe aka fito da igwa, kamar yadda suka saba, aka yi ta harbawa har ƙirjinmu yana girgiza. A nan ne abokin tafiyarmu ya zare soson kunnensa, wai shekara talatin yake jira, ba zai ji ta a rufe ba. Mun ja hannunsa, ya ƙi.

A jirgin ƙasa kan hanyar komawa sai da muka riƙa maimaita masa magana sau biyu. Kwana biyu kunnensa na hagu yana fito kamar an bar rediyo a tashar da babu kowa. A rana ta uku ya lafa. Ya kira mu a waya yana murna, sannan ya tambaya ko sauran soson nan yana nan, domin yana da bikin ƙanwarsa a ƙarshen wata.