Babu Mai Sanin Lambar Gobe

Na gaji da saƙon nan da ake ta yaɗawa a WhatsApp da Facebook, wai wani oga da ke aiki a kamfanin loto zai ba ka lambobi biyu da za su fito gobe, kai dai ka tura masa dubu biyar. Abin haushin shi ne ba yara kaɗai ke turawa ba. Har da magidanta, har da 'yan kasuwar da ke lissafin kuɗin buhu ɗari da ka ba su yi kuskure ba.

Loto dai caca ce ta lambobi. A wadda ta fi yaɗuwa a Najeriya da Gana, irin ta Baba Ijebu, lambobi 90 ne, ake fitar da biyar. Ko a shago ka buga ko a waya, tsarin ɗaya ne.

To, mu yi lissafi. Idan ka zaɓi lambobi biyu, damar su fito tare ɗaya ce cikin 400 da ɗan ɗoriya, abin da aka saba biya kuwa ninki 240 ne na abin da ka zuba. Wato mutum 400 su zuba naira ɗari-ɗari, a tara dubu arba'in, a ba mai sa'a dubu ashirin da huɗu, kamfani ya kwana da dubu goma sha shida. Lambobi uku kuwa, ɗaya ce cikin 11,748. Kamfanin ba ya ma bukatar maguɗi, tun ranar da aka tsara wasan ya gama cin nasa.

Duk da haka za ka ga mutum a bakin shago, takardar tsofaffin sakamako a cinya, biro a bayan kunne, yana rantsuwa 47 ta daɗe ba ta fito ba, lokacinta ya yi. Wane lokaci? Ƙwallon da ke cikin na'ura bai san abin da ya faru jiya ba. Damar 47 yau daidai take da ta 12 da ta fito jiya, ko da ta shekara a ɓoye. Mafarki bai canja wannan, boka ma haka.

Shi kuwa ogan WhatsApp dabararsa ba ta da wuya. Mutum dubu ke hannunsa, ya raba musu lambobi daban-daban. Galibi biyu ko uku za su dace. Hoton tikitinsu zai yi ta watsawa, sauran da suka yi ƙorafi ya toshe su. Da ya san lambar gobe, me zai yi da dubu biyar ɗinka?

Wasu na fakewa da cewa ai gwamnati ta ba da lasisi. Gaskiya ne, dokar 2005 ta kafa hukumar kula da loto ta ƙasa, sannan a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ce hurumin na jihohi ne, dokar tarayya ta tsaya a Abuja. A Kano Hisbah na rufe shagunan caca, a Nijar kuwa kamfanin loto na LONANI na gwamnati ne. Amma lasisi haraji da biyan wanda ya ci yake tabbatarwa, ba ya ƙara maka sa'a, ba ya kuma goge hanin da ke cikin Suratul Ma'ida.

Saboda haka duk wanda ya yi maka tallar lamba, toshe shi, ka fita daga rukunin, kada ka tura wa kowa ko da wasa. Saƙon da ya ce ka ci miliyoyi a gasar da ba ka shiga ba, goge shi. Wanda ya ce sai ka biya kuɗin fito da kyauta ɓarawo ne. Kada ka karanta wa kowa lambar sirrin da banki ya turo maka, ko BVN, ko lambobin katinka, ko da ya kira ka da cikakken sunanka. In ka riga ka bayar, garzaya banki a rufe katin a ranar, kada kunya ta sa ka kwana. Iyaye kuma, yaron da kullum ke neman ɗari biyu na data, ku karɓi wayarsa ku duba inda kuɗin ke zuwa.