Tirelar Ɗaukar Motoci: Saye Ko Ƙerawa A Gida?

Duk motar da aka sauke daga jirgin ruwa a tashar Tin Can da ke Legas, in dai mai ita yana Kano ne ko Kaduna, to akwai sauran tafiyar kilomita 1,000 ko kusa da haka a gabanta. Dillalai da yawa kan ɗauki direbobi su koro motocin a jere, amma wannan hanya tana cin mai da taya, tana ƙara wa mota tsufa kafin ta isa kasuwa, ga kuma haɗarin hanya. Wannan ne ya sa masu sufuri ke zuba jari a kan tirela mai hawa biyu, wadda kan ɗauki ƙananan motoci shida zuwa goma a tafiya guda. Tambayar da ke gaban mai shiga wannan sana'a ita ce: ya sayi tirelar da aka ƙera a masana'antar ƙetare, ko kuwa ya ba maƙera na gida su haɗa masa?

Tirelar ƙetare iri biyu ce a kasuwa. Akwai tsofaffi na Turai, irin na kamfanin Lohr na Faransa da Rolfo na Italiya, akwai kuma sababbi daga ƙasar Sin. Abin da mai saye ke biya a nan shi ne lissafin injiniya: an yi su da ƙarfe mai ƙarfi amma marar nauyi, an auna inda nauyin kowace mota zai sauka, kuma hawan sama yana ɗagawa da sauka da na'ura mai aiki da matsin mai, ta yadda direba da yaronsa za su gama lodi cikin ɗan lokaci. Suna zuwa da lambar shasi da takardun masana'anta, abin da ke sauƙaƙa rajista da inshora da neman rance a banki.

Aibinsu na farko farashi ne, domin da dala ake sayensu. A farkon watan Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kusan Naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Wato tirelar da kuɗinta bai canza ba a Turai ta ninka fiye da sau uku a hannun ɗan Nijeriya, tun ba a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan ba. Aibi na biyu shi ne an tsara na Turai don hanyoyi masu santsi. Cikinsu yana kusa da ƙasa, tayoyinsu ƙanana ne, kuma duk wanda ya san ramukan da hanyar Jebba zuwa Mokwa ta yi suna da su ya san abin da hakan ke nufi. In bututun mai ya fashe a daji alhali hawan sama yana ɗauke da motoci, ba kowane bakanike ne zai iya taɓa shi ba.

Ta nan maƙeran gida suka samu shiga. A Legas da Onica da Kano, da kuma kasuwar Panteka ta Kaduna, akwai masu walda da suka daɗe suna ƙera bodin manyan motoci da tankokin mai. Suna ɗaga cikin tirela yadda ya dace da hanya, suna sa sifirin mai kauri, su bar hawan sama a kafe, a riƙa hawa da gadar ƙarfe. Ladan aikinsu da naira ake biya, mai tirela yana iya biya kashi-kashi gwargwadon yadda aikin ke tafiya, kuma abin da walda ta haɗa, walda na iya gyara shi a kowane gari.

Sai dai masu ganin cewa ƙerawa a gida tserewa ce daga dala suna ruɗin kansu. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka soma ginawa a 1979, ba ta kai ga wadata ƙasa da ƙarfe ba, kuma yawancin ƙananan masana'antun da ke narka tsofaffin ƙarafa rodin gini suke fitarwa. Farantin ƙarfe mai inganci, da aksul, da birkin iska, da taya, da ƙusar da ke haɗa tirela da kan mota, galibinsu daga waje suke zuwa. Abin da ake ragewa na gaskiya shi ne ladan ƙira da ribar masana'anta. In aka ga ragin ya wuce haka da yawa, to a wani wuri aka matse, kuma sau da yawa a kan aksul ne da birki, inda ake cirowa daga motar da ta riga ta mutu.

Akwai kuma batun nauyi, wanda ba a cika lura da shi ba a ranar ciniki. Maƙerin da ba shi da lissafin injiniya yakan kare kansa ta hanyar ƙara ƙarfe. Tirelar takan fito da ƙarfi, amma da nauyin da ya wuce bukata, kuma wannan nauyi za a yi ta jansa da man dizal a kowace tafiya har ƙarshen rayuwarta. Nauyin ƙaramar mota kan kai kusan tan ɗaya da rabi, saboda haka motoci takwas kusan tan 12 ne kacal. A irin wannan kaya marar nauyi, tan biyu ko uku na ƙarin ƙarfe ba ƙaramin kaso ba ne. Abin ya fi muni a dawowa, domin motoci daga Kudu suke zuwa Arewa, kuma tirelar da aka yi don motoci ba ta dace da buhunan hatsi ko shanu ba, sau da yawa wayam take komawa Legas. In kuma aka yi kuskure a tsayi ko a rabon nauyi, hawan sama yakan sa tirela rinjaya a kwana, ko rufin motar da ke sama ya daki gada. A nan asarar ba ta tsaya a kan tirela ba, ta haɗa da motocin mutane, waɗanda jimillar kuɗinsu kan fi na tirelar nesa ba kusa ba. Kamfanin inshora kuwa yakan fara da tambayar takardu.

Don haka ma'aunin da ya dace shi ne abin da kai mota guda ke ci a tsawon shekarun aikin tirela, ba farashin ranar farko ba. Mai kwangila da masana'antar harhaɗa motoci, irin ta Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975, ko da babban dillali mai lodi kowane mako, ya fi dacewa da tirelar masana'anta, domin saurin lodi da ƙarancin mai za su biya bambancin. Mai ƙaramin jari da ke samun lodi jefi-jefi ya fi tsira da ta gida, musamman ganin yadda dokar gwamnati kan sauya akalar kasuwar dare ɗaya, kamar hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, wanda ya taɓa cinikin motocin Kwatano.

Wasu masu sufuri sun zaɓi tsaka-tsaki. Sukan sayi tsohuwar tirelar ƙetare mai lafiyayyen shasi da takardunta, ko kuma sababbin aksul da birki, sannan su ba maƙera aikin hawa biyun bisa zanen injiniya mai rajista, su kai ta ma'auni kafin su biya kuɗin ƙarshe.