Rigimar sake baftisma: daga Kartej zuwa Garkida

Yarinyar da aka yi wa baftisma tana goye a cocin Katolika ko Anglika, idan aure ya kai ta ECWA ko Baptist, sau da yawa akan ce sai ta shiga aji, a nutsar da ita a ruwa, kafin a ɗauke ta cikakkiyar memba. Iyayenta kuwa abin yakan yi musu ciwo: ashe abin da muka yi mata ba a bakin komai yake ba? Tambayarsu tana da nauyi, domin wanda ya ƙi baftismar wani coci, kamar ya ce wannan cocin ba ikkilisiyar gaskiya ba ce.

A Afirka wutar wannan gardama ta fi ruruwa. A shekarar 303 Sarkin Rum Diyokletiyan ya ba da umarni a ƙwace littattafan Kirista a ƙone. Wasu limamai suka miƙa don tsira da rai, wasu suka ƙi, aka ɗaure su ko aka kashe. Da ƙura ta lafa, wajen 311, aka naɗa Sisiliyan bishop na Kartej, kusa da birnin Tunis na yau. Nan take wasu suka ce naɗin bai yi ba, wai ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗora masa hannu yana cikin masu miƙa littattafai. Suka ware, daga baya Donatus ya shugabance su. A wurinsu hannun maci amana ba ya tsarkake kowa, don haka duk wanda ya zo musu daga ɗaya ɓangaren sai an sake masa baftisma. Gari ɗaya, bishop biyu, majami'a biyu, har fiye da shekara ɗari.

Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya, shi ya ba da amsar da yawancin coci-coci ke riƙe da ita har yau: baftisma ta Almasihu ce, limami ɗan aike ne kawai. A nan ina ganin ya yi gaskiya. In da ingancinta ya rataya a kan tsarkin fasto, da babu mai bin da zai kwana da kwanciyar hankali, tunda ba wanda ya san abin da ke cikin zuciyar wanda ya zuba masa ruwa. Inda ya kuskure shi ne goyon bayan hukuma ta murƙushe mabiya Donatus, musamman bayan taron Kartej na 411 wanda bishop-bishop fiye da 500 suka halarta.

A Turai tambayar ta sake salo, ta koma kan wanda ake yi wa. A 1525 wasu a birnin Zurik suka ce jariri bai san tuba ba, sai wanda ya furta bangaskiya da bakinsa. A 1527 hukumar birnin ta nutsar da ɗayansu, Feliks Manz, a kogin Limmat har ya mutu. Wannan fahimta ce mutum takwas suka bi a Shwarzenau ta Jamus a 1708, kuma magadansu suka iso Garkida a 1923, inda cocin EYN ya samo asali. Har yanzu nutsarwa uku suke yi, fuska gaba.

Ya kamata a fahimci masu wannan ra'ayi: su ba sa ganin suna maimaita komai, a ganinsu ta farkon ce ba a yi ba. Katolika kuwa tana karɓar baftismar yawancin sauran ɗariku muddin an yi ta da ruwa, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, amma a 2001 ta ƙi ta Mormon saboda bambancin koyarwa kan Allah.

Wannan saɓani ba zai ƙare gobe ba, kuma ba wanda za a tilasta wa barin koyarwarsa. Amma fasto ko fada, idan irin wannan amarya ta zo gabanku, ku zaunar da ita da iyayenta, ku bayyana musu dalilinku dalla-dalla, kada ku ce musu cocin da ya rene ta ba coci ba ne.