Idan Tocila Ta Mutu a Daren Hunturu

Da zarar hunturu ya kankama, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai ƙorafin da ba ya wuya a bakin mutane a Sanyinna da Dogon Daji da Jabo, har zuwa Kebbe da Kuchi: tocila ta daina riƙe caji. An bar ta a wuta wuni guda, an kunna bayan isha'i, kafin a gama yi wa yara shimfiɗa ta dusashe. Abin da ke biyo baya shi ne abin tsoro. Babu uwar da za ta zauna cikin duhu jariri yana tari, don haka sai a lalubo kyandir, ko a zuba wa aci-balbal kananzir, a daidai lokacin da zana da danni da jinka da harawar da aka tara a kan rumfa suka bushe ƙayau, iska kuma tana kaɗawa. Saboda haka maganar tocila a hunturu maganar gobara ce. Gidan da ya tanadi fitilu biyu waɗanda abu ɗaya ba zai iya kashe su a dare ɗaya ba, ya toshe babbar ƙofar da wuta ke shigowa ta cikinta, kuma wannan tanadi bai fi ƙarfin talaka ba kamar yadda ake zato.

A fara da wanke sanyi daga laifin da aka ɗora masa, ko aƙalla a rage masa. Gaskiya ne sanyi yana rage wa batir kuzari, domin haɗuwar sinadaran da ke samar da wuta a cikinsa tana yin sanyin jiki idan yanayi ya huce. A Kanada ko Rasha, inda ruwa ke daskarewa a kan titi, sabon batir ma yana iya ƙin aiki sai an ɗumama shi a aljihu. Amma sanyin ƙasar Sakkwato, duk da yadda yake fasa leɓe da ƙafa, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10 ko da asuba, kuma lafiyayyen batir ba ya jin wannan a jikinsa sosai. Wanda ya yi ɓarnar tun da farko shi ne zafin bazara. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka. Yawancin tociloli masu araha, irin waɗanda ake zaro musu ƙafafu biyu a soka a bango, ƙaramin batir na dalma da ruwan asid ne a cikinsu, ɗan'uwan batirin babur. Masana sun daɗe da sanin cewa irin wannan batir, duk ƙarin zafi na kimanin digiri 10 a kan digiri 25 yana iya rage tsawon rayuwarsa da rabi. Haka kuma idan aka bar shi babu caji kwanaki da yawa, wani farin gishiri yana kama farantan cikinsa ya ƙanƙare, kuma ba ya narkewa duka ko an sake cajin. Tocilar da ta sha zafin bazara a kan taga, ta kwana babu caji sau da yawa a damina, ta riga ta tsufa. Hunturu yana zuwa ne kawai ya nemi ta yi aikin da ba ta da sauran ƙarfin yi.

Aikin kuwa ƙaruwa yake yi. A Disamba da Janairu dare ya fi sa'a 12, rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe 7 na safe, ga shi alwalar asuba da hura wutar ɗumama ruwa da duba dabbobi duk cikin duhu ake yin su. A lokacin da buƙata ta ƙaru, hanyoyin samun caji raguwa suke yi. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana cutar da mai sola ta fuska biyu: hazo yana tare hasken tun daga sama, sannan ƙurar ta sauka ta kwanta a kan faifan solar. A shafa yatsa a faifan da ya kwana uku ba a goge ba, za a ga layin da yatsan ya bari baƙi wuluk a tsakiyar farin gari. Wannan garin kuɗi ne yake ci. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a wannan lokaci rana tana karkata kudu ne a tafiyarta, don haka faifan da aka jingina yana kallon arewa, ko aka ajiye a inuwar katanga ta arewa, ya yi asarar rabonsa tun kafin a zo maganar ƙura. Gyaran ba ya cin ko sisi. A juya faifan ya ɗan kalli kudu, a goge shi da tsumma mai laushi kowace safiya kafin ya yi zafi, kada a watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana.

Wutar NEPA ba sai an yi dogon bayani ba. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna, amma shi ma abin da aka turo masa yake rabawa, kuma wutar wannan yanki ta Birnin Kebbi take biyowa daga Kainji. A watan Satumba na 2023, da gobara ta tashi a babbar tashar wuta ta Birnin Kebbi, yankin gaba ɗaya ya shiga duhu. Mai cajin waya a bakin kasuwa kuwa da janareta yake aiki, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin cajin bai sake komawa yadda yake ba.

Nan ne kuskuren da ya fi yawa yake. Magidanci zai ce yana da fitilu uku, ya tanada. Amma idan aka duba, ukun duka caji suke jira daga soket ɗaya, ko daga faifan sola ɗaya. Wannan kamar mutum ne ya raba hatsinsa buhu uku ya zuba su a rumbu ɗaya mai yoyo. Ranar da wuta ta yi kwana huɗu ba ta zo ba, ko hazo ya rufe sama kwana uku a jere, ukun tare za su mutu. Abin da ake buƙata shi ne bambancin tushe. Fitilar yau da kullum ta zama mai caji, ta sola ko ta wuta, domin ita ce mai sauƙin kuɗi a doguwar tafiya. Ta ajiya kuma ta zama ƙaramar tocila mai ƙwan LED da ke cin batirin saye, tare da sababbin batura da ba a ɓare ledarsu ba. Wannan ta biyun ba ruwanta da hazo, ba ruwanta da Birnin Kebbi. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma shi ne mafi wuya: a bar ta don ranar buƙata, a rataye ta a ƙusa ɗaya da kowane babba a gidan zai iya laluba ido rufe, kada ta zama ta yawon dare ko ta wasan yara.

Ita ma tana da nata ladubban. Duk wanda ya taɓa kwance gindin tocilar da aka manta da ita wata biyar ya san abin da zai gani: farin ɓawo ya kama ƙarfen nan mai lanƙwasa, tsatsa ta ci bakinsa, batirin ya kumbura ya ƙi fita sai an bubbuga. Batura masu araha, waɗanda gwangwanin jikinsu shi ne yake cinyewa yayin aiki, sun fi saurin wannan yoyo idan sun ƙare aka bar su a ciki. Don haka a ajiye baturan a gefen tocilar, a ƙulle su tare a leda ɗaya, maimakon a cikinta. Kada a haɗa tsoho da sabo, domin sabon yana tilasta wa tsohon har ya fashe da yoyo. Kuma sau da yawa tocilar da aka yanke wa hukuncin mutuwa a hunturu ƙura ce kawai ta shiga makunninta. A kankare bakin ƙarfen a busa, sai ta tashi.

Wani zai ce, ai kowa yanzu da waya a aljihu, kuma kowace waya da tocilarta. Haka ne, kuma don neman takalmi a ƙofar masallaci ta wadatar. Amma a yi tunanin daren da ake buƙatar haske da gaske: naƙuda ta tashi, ko numfashin yaro ya sarƙe saboda ƙura, ko an ji motsin da ba a yarda da shi ba a garke. A wannan dare aikin wayar shi ne kiran ungozoma da mai mota da maƙwabci. Idan an ƙone cajinta wajen haska tukunyar tuwo, an rasa haske an rasa kira lokaci guda. A yankin da matsalar tsaro ta sa dare ya zama abin fargaba, wayar da ke da caji ta fi ƙarfin a mai da ita fitila.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta dattawa: kaka da kakanni da aci-balbal da fitilar ƙwai suka rayu, ba su ƙone duniya ba. Akwai gaskiya a ciki, musamman game da fitilar ƙwai, wadda idan gilashinta lafiyayye ne kuma an rataye ta, ta fi kyandir aminci nesa ba kusa ba. Sai dai ɗakin ne ya canza. A da tabarma ce da gadon kara da bargon saƙi. Yau katifar soso ce, da gidan sauro na roba, da labule, da bokitai da jarkoki, kuma a gidaje da yawa akwai galan na fetur a lungu, na babur ko na injin ban ruwa don noman rani. Soso idan ya kama, hayaƙinsa yana sumar da mai barci kafin harshen wutar ya iso gare shi. Kananzir ɗin ma ba wanda aka sani ba ne kullum. Da ya yi tsada, sai marasa tsoron Allah suka riƙa gauraya shi da fetur, alhali tururin fetur yana kamawa da wuta ko a cikin tsananin sanyi, shi kuwa kananzir na gaskiya sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama. Shi ya sa fitilar da aka zuba wa gauraye take fashewa a hannun mai kunna ta, kuma mata da yara ne suka fi yin wannan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, tun a 2014, ta ba da shawarar a guji amfani da kananzir a cikin gida saboda hayaƙinsa da haɗarin ƙuna. Wanda yake shakkar abin da wuta ke yi idan ta haɗu da iskar hunturu, ya tuna babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021. Can cikin birni ne, kusa da motocin kashe gobara, duk da haka an yi asarar da ba a manta ba. Ƙauyen da ke nesa da titi kuwa bokiti da ƙasa ne kawai makaminsa. Kaskon gawayi da janareta a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga saboda sanyi su ma suna kisa, su ba da harshen wuta ba, da iskar da ba ta da wari ba ta da launi.

Saura maganar kuɗi, kuma ba a raina ta. Mai neman na cefane ba a yi masa wa'azin sola mai tsada. Amma ƙaramar tocilar batir tana cikin mafi arahar kayan da ke kan teburin mai koli, kyandir kuwa kullum sai an sake saye. Inda talaka yake asara da gaske shi ne sayen tocila mai caji ta banza sau uku a shekara. A nan idon mai saye ne zai cece shi. Ƙyalli da yawan ƙwayaye ba su ne inganci ba. Yawan ƙwayaye ma saurin shanye batir yake yi. Tocilar da ke da zaɓin rage haske ta fi amfani, domin a ƙaramin haske tana iya ninka sa'o'inta sau da yawa. Wadda ake iya buɗewa a canza mata batir ta fi wadda aka liƙe. Masu batirin litiyam sun fi na dalma jure caji da saukewa, amma a cikinsu ma jabu ya yi yawa: dogon batirin nan da ake kira 18650, na gaskiyarsa bai cika wuce 3,500 mAh ba, don haka duk wanda aka rubuta wa 9,900 a jiki ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa za a ji shi sakayau a hannu. A nemi mai sayarwa ya kunna a gabanka, a tambaye shi ko zai karɓa idan ta mutu cikin mako. Yadda ya amsa ya isa shaida.

Lokacin gwaji shi ne bayan an gama girbi, kafin iskar ta juyo, sa'ad da akwai ɗan kuɗin amfanin gona a hannu. A cika fitilar da caji, a kunna ta da magariba a bar ta, a duba agogo. Idan ba ta kai sa'a uku da haske mai amfani ba, ba za ta fitar da gidan daga Janairu ba, a canza mata batir ko a nemi wata tun da wuri. Wanda aka cire kuma kada a jefa shi a murhu ko a bar wa yara su fasa: na litiyam yana iya fashewa a wuta, na dalma kuma guba ne da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A kai na dalman wurin masu sayen tsofaffin batura, sauran kuma a tara su a gwangwani mai murfi, nesa da rijiya da wurin girki.